Mazan Jiya: Cif Hubert Ogunde, Ɗan Wasan Da Ajali Ya Tarar A Bakin Aiki

 A wannan fitowa filin namu na tarihin mazan jiya zai leƙa gidan maƙwabta ne, domin mutumin da za mu kawo muku labarinsa Bayarabe ne ɗan ƙasar Ijabu, wanda ya shekara arba'in da biyar yana cin abinci da wasan kwaikwayo, wato marigayi Cif Hubert Ogunde. Duk ɗan zangon da ya kwana biyu a ƙasar Yarabawa ya san sunan nan ko da bai taɓa leƙa gidan kallo ba. Direbobinmu masu bin hanyar Shagamu zuwa Binin kuwa kullum sai sun gifta ta garinsu, Ososa, dab da Ijabu-Ode, akasarinsu ba tare da sanin wanda ke kwance a wurin ba.

Abin da ya ja hankalinmu gare shi shi ne aikinsa na ƙarshe, wani fim mai suna Mister Johnson da aka ɗauko daga littafin wani Bature. Labarin na Arewa ne, a Arewa aka ɗauke shi, kuma da sarki da waziri da fatake duk suna ciki. In ka duba jerin 'yan wasan fim ɗin, sunan Ogunde yana can ƙasa-ƙasa, alhali kuwa in ana maganar daɗewa a kan dandamali ya haifi kusan dukkansu. To, yadda aka yi ya isa wurin, sai mun koma baya.

An haifi Ogunde a Ososa cikin 1916. Mahaifinsa limamin coci ne na ɗarikar Baftis, amma kakansa na wajen uwa bokan Ifa ne, irin wanda Yarabawa ke kira babalawo. Yaro ya tashi tsakanin gida biyu ke nan: can ana koya masa waƙoƙin coci, nan kuma yana zaune gefen tsoho yana jin kiɗa da kirari da surkulle, yana bin dodannin egungun in sun fito. Duk wanda ya ga wasanninsa daga baya ya san gidan kakan nan bai taɓa sakinsa ba. Karatun bokonsa bai yi nisa ba, firamare ce kawai a Ososa da Legas da Ijabu-Ode, daga nan ya kama aikin koyarwa a 1933, yana kuma kaɗa ogan ɗin coci. Ya yi shekara takwas a haka. A 1941 ya ajiye alli ya shiga aikin ɗan sandan gwamnati, ya zauna Badun, sa'an nan aka maida shi caji ofis na Ebute-Meta a Legas.

Yana ɗan sandan ne wata cocin masu fararen riguna, wato Aladura, ta nemi ya shirya mata wasa don tara kuɗin gini. Ya tsara musu wasa a kan labarin Annabi Adamu da Hauwa'u yadda yake a littafinsu, da kiɗa da rawa irin na Yarabawa, aka nuna shi a ɗakin taro na Glover da ke Legas cikin watan Yuni na 1944, Dokta Nnamdi Azikiwe ne ma ya shugabanci taron. Jama'a suka yaba ƙwarai. Daga nan kurtu ya gane inda abincinsa yake. A 1945 ya kafa ƙungiyarsa, a 1946 kuma ya tuɓe kakin gwamnati ya ce shi da albashi sai wata rana.

Mai karatu na yau ba zai ga girman wannan kasada ba sai an tuna masa yadda zamanin yake. A lokacin wasa abin coci ne da 'yan makaranta, a yi shi sau ɗaya a shekara kowa ya koma aikinsa. Masu yawo gari-gari suna wasa don kuɗi, waɗanda Yarabawa ke kira alarinjo, ana yi musu irin kallon da mutanenmu ke yi wa 'yan kama da 'yan gambara: a yi dariya, a ba su kwabo, amma ba mai ba su 'yarsa. Ogunde shi ne ɗan boko na farko da ya fito ya ce wannan ita ce sana'arsa, zai ɗauki ma'aikata ya biya su da kuɗin ƙofa. Matsalar da ta fi ci masa tuwo a ƙwarya ita ce ta mata, don iyaye ba sa yarda 'ya'yansu su hau dandamali, wadda ta zo ma da ta sami miji sai ta gudu. Maganin da ya samo shi ne ya riƙa auren 'yan wasansa. Ya tara mata fiye da goma da 'ya'ya masu yawa, gidan gaba ɗaya ya zama kamfani: uwargida tana rawa, amarya tana sayar da tikiti, yara suna kiɗa. Ba mu ce a yi koyi ba, amma dai ta haka ƙungiyar ta rayu shekara da shekaru lokacin da wasu suka watse.

Tun daga farko bai ɓoye inda ya dosa ba. A tsakiyar 1945 ma'aikatan Nijeriya, musamman na reluwe ƙarƙashin Michael Imoudu, suka yi yajin aikin gama-gari na fiye da kwana arba'in saboda tsadar rayuwa bayan yaƙin Hitila. Ogunde ya maida abin wasa mai suna Strike and Hunger, wato yajin aiki da yunwa. Ya kuma yi wani, Tiger's Empire, inda ya kwatanta mulkin Turawa da mulkin damisa. Da ya ɗauki wasannin nan ya nufi Arewa a 1946, a Jos 'yan sanda suka tare shi, aka hana wasan, aka ci shi tara. Ka ji fa, mutumin da watanni kaɗan baya shi ke kama mutane. A 1947 ya nemi fasfo zai tafi Ingila ƙaro ilmin sana'a, gwamnati ta hana, sai da jaridun Legas suka yi ca a kanta sa'an nan ta saki. Ya tafi tare da matarsa Clementina, wadda aka fi sani da Adesewa, suka koyo rawar Turawa suka dawo suka gauraya da ta gida.

Karonsa na biyu da hukumar Arewa ya fi zafi. Ranar 18 ga Nuwamba 1949 'yan sanda ƙarƙashin wani hafsa Bature suka buɗe wuta a kan leburorin haƙar kwal a Iva Valley ta Inugu, mutum 21 suka mutu, saboda kawai suna neman haƙƙinsu. Ƙasa duka ta ɗauki zafi. Ogunde ya shirya Bread and Bullet a 1950, ma'ana ka nemi burodi a ba ka harsashi. A Legas an bar shi ya nuna, amma da ya isa Kano sai aka hana, aka kama shi da zargin tunzura jama'a, aka sake cin sa tara. Dalili a fili yake. Turawa sun ɗauki Arewa tamkar gonar da suka kewaye da shinge, ba sa son iskar siyasar Kudu ta shiga, ga shi kuwa a daidai lokacin ne NEPU ta kunno kai a Kano, cikin Agusta 1950. Masu kallonsa a can galibi mutanen Sabon Gari ne, akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa na Kudu, wato baƙi mazauna garin wasu, kamar dai yadda muke a nan. Yakan sauka a wurinsu kamar yadda mawaƙanmu in sun zo Kurmi sukan sauka a Sabo. Rayuwar mota da masauki da neman izinin mai gari kafin a kafa ganga, Ogunde ya san ta sarai.

Shekarun 1950 ya ɗan sassauta, ya koma wasannin ban dariya da soyayya da Turancin buroka a ciki don waɗanda ba sa jin Yarabanci su samu shiga. Da aka zo samun mulkin kai a 1960 shi aka ba aikin shirya wasan biki.

Sai kuma rigimar 'yan gida. Bayan Cif Awolowo da mataimakinsa Cif Akintola sun ɓata, aka ɗaure Awolowo a 1963, Ogunde ya fito da wasan da har gobe shi ake fara ambata in an kira sunansa, Yoruba Ronu, wato Yarabawa ku yi tunani. Labarin wani sarki ne da na hannun damansa ya ci amanarsa ya miƙa shi ga abokan gaba. Ba a ambaci sunan kowa ba, amma ai mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. An nuna shi a Badun farkon 1964 gaban Firimiya Akintola kansa, bai jira ƙarshe ba ya tashi ya fita da mutanensa. Gwamnatin Jihar Yamma ta haramta wa ƙungiyar Ogunde wasa a duk faɗin jihar, aka daina sa faya-fayansa a rediyo da talabijin nata. Ga mai wasa da Yarabanci, wannan daidai yake da a hana mai goro shiga kasuwa. Nan take ya mayar da martani da wani wasan, Otito Koro, gaskiya ɗaci gare ta. Shekara biyu yana cikin wannan takunkumi, sai bayan juyin mulkin Janairu 1966 Laftana-Kanar Fajuyi ya ɗage.

A nan ya kamata mu faɗi gaskiya, ba kowa ne a zangunanmu ya ji daɗin wannan wasa ba a lokacin. Akintola abokin tafiyar Sardauna ne, kuma duk wanda ya zauna ƙasar Yamma a 1965, lokacin ƙone-ƙonen da aka yi wa laƙabi da wetie, ya san irin zaman ɗar-ɗar da Bahaushe ya yi. Amma in aka duba da idon basira, mutumin da ya tsaya wa Bature a Jos da Kano shi ne dai ya tsaya wa Firimiyan ƙabilarsa a Badun, kuma duka biyun daga aljihunsa ya biya. Da aka kashe Janar Murtala a 1976, Ogunde ya shirya wasa sukutum da sunansa. Wannan ma a sa shi a ma'auni.

A 1967 gwamnati ta tura ƙungiyarsa babban bajekolin duniya na Montreal a Kanada. A 1970 kuma ya gamu da babban rashi, Adesewa, tauraruwar ƙungiyar kuma abokiyar tafiyarsa tun farko, ta mutu a haɗarin mota suna kan hanyar zuwa wasa. Hanya ce ta ciyar da su, ita ce kuma ta ci ta.

Da talabijin da sinima suka fara janye 'yan kallo, tsoho bai tsaya kuka ba, ya bi su can. Yana da shekara sittin da 'yan kai ya yi fim ɗinsa na farko, Aiye, tare da Ola Balogun, labarin mayu da bokan kirki da ke yaƙi da su. Mutanenmu da suka gan shi a gidajen sinima na Legas da Badun ba su buƙaci tafinta ba, maita ai ba ta da yare. Jaiyesimi da Aropin N'Tenia da Ayanmo suka biyo baya, ya kuma gina wurin ɗaukar fim a garinsu. Jami'ar Ife da ta Legas suka ba shi digirin girmamawa na dokta, a 1986 kuma gwamnatin tarayya ta damƙa masa aikin haɗa ƙungiyar wasa ta ƙasa, ya zagaya jihohi yana tsinto makaɗa da maraya.

To, yanzu sai mu dawo kan Mister Johnson. Wanda ya rubuta littafin, Joyce Cary, ɗan ƙasar Ailan ne da ya yi aikin mulki a Arewa. An harbe shi a yaƙin dutsen Mora da Jamusawa a 1915, ya warke, ya yi Di'o a Borgu inda ya sha aikin fasa hanyoyi, ya bar ƙasar a 1920. Littafin ya fito a 1939. Labarin wani saurayi ne akawu, Kirista ɗan Kudu, da aka turo wani gari na ƙage mai suna Fada. Johnson ya ɗauki kansa Baturen Ingila, ga fara'a ga son biki ga cin bashi. Ya ga wata yarinya Bamu ya aura da sadakin da ba shi da shi. Maigidansa Di'o Rudbeck ba abin da ke ransa sai ya fasa hanyar mota da za ta haɗa Fada da babbar hanyar Kano, kuɗin baitulmali kuwa sun ƙare, sai Johnson ya koya masa yadda ake murɗa lissafi. Da asiri ya tonu, wa aka kora? Akawu mana. Sarki da Waziri ba sa son hanyar, suna cewa za ta kawo baƙi da ɓarayi, Waziri har yana ba Johnson toshiya don ya riƙa sato masa asirin ofis. A littafin har zango aka gina wa fataken da hanyar ta jawo, kuɗin zangon ma Johnson ya taɓa. Ƙarshe dai ya kashe wani Bature mai kanti garin sata, aka yanke masa hukuncin rataya, ya roƙi Rudbeck ya harbe shi da hannunsa maimakon igiya, shi kuwa ya yi.

Littafin nan ya sha yabo a Turai da Amurka, amma 'yan Nijeriya da suka karanta shi a Jami'ar Badun ransu ya ɓaci, don sun ga an maida baƙin mutum wawa mai washe baki har bakin kabari. Chinua Achebe ya sha faɗin cewa haushin littafin nan yana cikin abin da ya sa shi ɗaukar alƙalami, har ya fito da Things Fall Apart a 1958. Mu ma da za a tambaye mu, sarki da wazirin da Cary ya zana ba su yi kama da mutane ba, sun fi kama da abin da Di'o ke hangowa daga barandar gidansa.

Shekara hamsin bayan fitowar littafin, wani darekta ɗan Ostireliya, Bruce Beresford, wanda ya taɓa aikin fim a Inugu kafin yaƙin basasa, ya zo ya maida shi fim. Marubuci William Boyd, wanda shi ma ya yi ƙuruciyarsa a Gana da Nijeriya, shi ya tsara labarin. Aka kafa sansani a Toro ta ƙasar Bauchi, kusa da Jos. Pierce Brosnan ya fito a Rudbeck, lokacin bai zama James Bond ba tukuna, sai 1995. Edward Woodward ya fito a Gollup mai kanti, mashayi mai saurin hannu, Beatie Edney kuma matar Di'o. Johnson kansa aka ba wani saurayi haifaffen Landan ɗan asalin Nijeriya, Maynard Eziashi, wanda ba a san shi ba kafin nan, kuma yaron ya yi abin a zo a gani, don shi ya ci kyautar gwarzon ɗan wasa a bikin fina-finai na Balin a 1991. Bella Enahoro ta fito a Bamu. Tunde Kelani, wanda daga baya ya zama babban mai shirya fina-finan Yarabanci, ya yi aiki a bayan kyamara ya kuma ɗan fito. Waziri fa? Femi Fatoba, malamin wasan kwaikwayo na Jami'ar Badun, shi ya naɗa rawanin.

Ogunde aka ba shi Brimah, tsoho uban Bamu, mai ciniki a kan sadakin 'yarsa. Fitowa ce 'yar kaɗan. Akwai abin mamaki a ciki: a labarin, ɗan Kudu shi ne baƙo, tsohon nan kuwa ɗan ƙasa, a wajen ɗauka kuma sai ga Bayaraben Ijabu ya zama ɗan ƙasa a Arewa, tafiyar 'yan mil daga Jos inda aka taɓa korar wasansa shekara arba'in da 'yan kai baya. Wasu sun yi tambaya, me ya kai mai Tiger's Empire cikin labarin Di'o? Mu a ganinmu amsar tana cikin aikin da ya yi wanda ba a gani a majigi. Shi ya taimaka wajen tattaro ɗimbin mutanen da suka fito a leburorin hanya, masu sara da haƙa ana yi musu kiɗa, kuma duk wanda ya kalli fim ɗin zai shaida wurin nan ne ya fi rai. Mutum ne da ya shekara arba'in yana haɗa makaɗa da maraya, ya ga an zo da manyan na'urori da kuɗin waje ƙasarsa, ya ga dama ce yaransa su ga yadda ake aikin, bai tsaya duba girman matsayin da aka ba shi ba.

Abin da ya kamata ya dame mu shi ne rawanin Waziri. Ba laifin Fatoba ba ne, ya yi aikinsa. Amma an zo har ƙofar gidanmu za a ba da labarin fada da zango, manyan guraben 'yan ƙasa suka tafi hannun mutanen Badun da Legas da Landan. Ba wai babu 'yan wasa a Arewa ba. Tun 1976 Adamu Halilu ya ɗauki littafin Shaihu Umar na Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ya maida shi fim da Hausa tsantsa, Umaru Ladan ya fito a Shaihun, ga kuma gwanaye a rediyo da talabijin na Kaduna da Kano. Bambancin shi ne namu 'yan wasan galibi a inuwar gwamnati suke, in ta ba da kuɗi a yi, in ta ɗauke kai a zauna. Shaihu Umar ɗin ma ɓacewa ya yi shekara da shekaru, sai a 2016 aka tsinto shi a ma'ajiya, aka gyara a Jamus, aka nuna a Balin a 2018. Su kuwa Yarabawa, albarkacin hanyar da Ogunde ya fasa, kafin 1980 suna da ƙungiyoyin wasa masu yawo fiye da ɗari, su Duro Ladipo da Kola Ogunmola da Baba Sala da na bayansu, masu rayuwa da kuɗin ƙofa, da ƙungiyar sana'a da shi kansa ya shugabanta. In baƙo ya zo neman 'yan wasa, ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Wani abin lura, a shekarar nan ta 1990 ce ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fito da Turmin Danya a kaset na bidiyo, wanda daga shi ne kasuwar fim ɗin Hausa ta tashi da ƙafarta.

Ogunde bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba, bai ma ga fim ɗin da ya fito a ciki ba. Ana cikin aikin ciwo ya kama shi, aka ɗauke shi zuwa Landan, ya mutu a asibitin Cromwell ranar 4 ga Afrilu 1990 yana da shekara 73. Masu fim ɗin suka sadaukar da shi gare shi. An kawo gawarsa gida aka binne a Ososa, kuma a 2015 'ya'yansa suka maida gidan wurin tarihi, inda aka ajiye tufafin wasansa da ganguna da hotuna. Daga Sabon Shagamu tafiyar ba ta kai awa guda ba a mota.